Kwanso Mai Tsaga Goma Sha Ɗaya

Ranar Talata da hantsi, da iska ta ɗan lafa, aka tono Oikawa Minoru daga cikin dusar ƙanƙara a bakin 'yar madatsar da ke ba shanunsa ruwa. Shebur ɗinsa na nan tsaye inda ya kafa shi. Tun safiyar Litinin ya fita zai fasa ƙanƙarar da ta toshe bakin bututu, ya ce wa matarsa Fumie ta ɗora miyar miso, zai dawo kafin ta huce. Harsashi ya shiga ta bayan kafaɗarsa, ya fita ta ƙirji, ya yi gaba abinsa cikin daji. A wuyansa akwai farin tawul, irin wanda kowane manomi a Rubenai ke ɗaurawa in zai yi aikin gumi.

Ba sai an gaya wa mutumin kwarin nan ma'anar tawul ɗin ba. Barewar Hokkaido in ta juya za ta gudu, farin gashin bayanta maharbi ke fara gani. Kuskure ne, kuma kuskure a dutse ba yau aka fara ba. Abin da ya tsaya wa mutane a maƙogwaro shi ne a ce mai harbin ya bar mutum kwance, ya koma gida ya ci abincinsa ya yi shiru.

Ga shi kuma ba shi da inda za shi. Da tsakar ranar Litinin ƙanƙara ta zaftaro ta rufe bakin hanyar da ta ratsa ƙarƙashin dutse, wadda ita kaɗai ce ƙofar Rubenai. Gida talatin da ɗaya ne a ƙauyen, ɗan sanda guda, maharba huɗu masu bindigar barewa. Daga babban ofishin 'yan sanda na birnin Obihiro aka bugo waya aka ce sai Alhamis motar share hanya za ta huda, kafin nan Yanagiya, ɗan sandan ƙauyen, ya bi gida gida ya karɓe bindigogin huɗun da akwatunan harsashinsu ya kulle. Haka kuwa ya yi, yana ta ba da haƙuri a kowace ƙofa.

Mutane ba su jira Alhamis ba. Tun kafin a sauko da gawa an gama shari'a a shagon ƙungiyar manoma. Iwakiri ne, wa kuma? Shekararsa uku kacal da zuwa daga Kyushu, can kudancin ƙasar, ya buɗe 'yar mahautar naman barewa a tsohon gidan waya, kuma a Rubenai duk wanda kakansa bai sari dajin nan da gatari ba baƙo ne ko da ya yi furfura a cikinsa. An ga motarsa a bakin kwarin madatsa safiyar Litinin. Da kaka kuma kowa ya ji cacar bakin da suka yi da Oikawa a kan jan mushen barewa ta cikin makiyaya.

Yanagiya ɗan birni ne, bai san sawun dila da na kare ba, amma ya san bai sani ba, wanda ba ƙaramin abu ne a ɗan sanda ba. Sai ya nufi gidan Ebina Kosaku, shugaban maharban kwarin, mai shekara hamsin da tara, wanda ake bugo wa waya duk ranar da beyar, ƙaton naman dajin nan mai farata, ya leƙo garken maruƙa. Shi ma yana cikin huɗun, sai dai shi kaɗai ne Yanagiya ke da tabbas a kansa, don safiyar Litinin tare suka yi awa biyu suna tono motar madara da ta kafe.

*

Ebina ya hau da tsintsiya a kafaɗa. Yanagiya ya dubi tsintsiyar, ya dubi dutsen, ladabi ya hana shi tambaya. Sabuwar ƙanƙara gari ce, amma inda ƙafa ta taka kafin ta sauka yakan daskare a ƙarƙashi, in ka share a hankali sai sawun ya fito maka a tsaye kamar kwanon da aka kife.

Ya tsaya daidai inda mamacin ya tsaya, ya fuskanci inda shebur ya nuna, sannan ya waiwaya ya dubi gangaren da ke bayansa. Wuri ɗaya ne maharbi zai zaɓa: wani ƙaton icce mai duhun rassa a kafaɗar tudu, taki ɗari da hamsin daga madatsar. Rassan sun tare yawancin ƙanƙarar. Da shara kaɗan sawun kanjiki ya bayyana, zagayayyun takalman icce da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmin but don kada a nutse. Yanagiya ya fara murna, Ebina ya rage masa ita, ya ce duk su huɗun suna da irinsu, har Iwakiri, wanda ya sayi nasa a shekarar da ya zo don a daina yi masa kallon ɗan yawon buɗe ido.

Sawun ya hau ya tsaya a gindin iccen. Ya gangara taki sittin wajen madatsa, ya tsaya cak, ƙafa biyu a haɗe. Daga nan ya dawo gindin iccen, ya bi ta bayan tudu inda iska ta shafe komai.

"Ya gani ke nan," in ji Yanagiya.

Ebina ya ce ya gani. Yana durƙushe a inda mutumin ya tsaya karo na biyu, don ya hango wasu baƙaƙen ɗigo a kan ƙanƙara kamar an barbaɗa ganyen shayi. Ya murza ɗaya a yatsa ya sunsuna. Albarushi ne, wanda bai ci wuta ba. Ya tura yatsa ƙasa kaɗan, sai ya taɓa abu mai tauri: kan harsashi na jan ƙarfe, lafiyayye, ko ƙwarzane babu, bai taɓa bi ta bakin bindiga ba. Yanagiya ya ba shi baya yana ɗaukar hoton sawu. Ebina bai yi shawara da kansa ba, sai ganin abin ya yi a cikin safar hannunsa.

Ya riga ya karanta abin da ya faru. Kwanson tagulla da wuyansa yake riƙe kan harsashi, ba manne ba komai, matsi ne kawai. Na kamfani ko da filaya sai ka yi gumi kafin ka zare shi. Amma maharbin da ke ɗura nasa a gida kwanso ɗaya yake ta maimaitawa, kowane harbi wuyan ya buɗe, kowane ɗuri a sake matse shi, har tagullar ta ƙage ta daina riƙo. Mutumin nan ya harba na farko, ya tura na biyu cikin bindiga, ya sauka ya ga abin da ya gani, a nan ya zare shi, wuyan ya saki, kan ya faɗi, albarushin ya zube.

Iwakiri bai taɓa ɗura harsashi ba, na kanti yake saya, abin da ake yi masa dariya a kai ke nan. Saura mutum biyu: Hosoda, da Tsoho Tsugawa. Duk hanyar gangarowa Ebina fata yake a ransa ya zama Hosoda ne, yana kuma jin kunyar wannan fatan.

*

An watsa wa ƙofar mahautar Iwakiri kashin shanu, ya daskare a jikin gilashi. Ba wanda ya ga mai watsawa, a ƙauyen da ake sanin wanda ya yi tari a gida na uku. Iwakiri ya shigo da su ta baya. Dogon mutum ne mai yawan murmushi, amma ran nan idanunsa sun faɗa, matarsa kuma ta kawo shayi ta koma bayan ƙofa ta tsaya, ana ganin inuwarta.

Bai ɓoye komai ba. Ya ce e, ya je bakin kwarin da sassafe, ya ga barewa uku, ya harba sau ɗaya bai samu ba, da ya ga sama ta haɗe sai ya dawo. Ba shi da nama da zai nuna, ba shi da shaida. Ba wanda ya ƙirga harbi ran nan, iska na kuka, injinan tatsa na ruri a kowane garke.

"Ebina-san," ya ce, "in harsashi ya daki dutse ya tashi, zai iya tsallake tudu?"

Tsakanin bakin kwarin da madatsa akwai kilomita biyu da ƙaton tudu. Ebina ya ce ba zai kai ba, amma a hankali ya faɗa, kamar mai faɗar abin da ba ya son a ji.

"Kwana biyu ina auna shi a kaina. Kowa ya ce ni ne, kuma ni kaɗai na yi harbi ran nan. In mutanen Obihiro suka zo zan ce musu ni ne. Gara in faɗa da bakina da a ce na kashe mutum na kuma yi ƙarya."

Alƙalamin Yanagiya na ta gudu. Ebina ya ji ɗan jan ƙarfen nan a tafin hannunsa, ya ɗauki ɗumin jikinsa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne kada Iwakiri ya sa hannu a kowace takarda kafin Alhamis. Da suka fito Yanagiya ya ce ga alama aiki ya ƙare, Ebina ya ce saura gida biyu.

*

Hosoda na da dalili, in dalili ake nema. Shekara goma suna ja-in-ja da Oikawa a kan ruwan madatsar nan, kuma in ya sha giyar shochu bakinsa ba shi da linzami. Safiyar Laraba suka same shi zaune a gaban murhu, ƙafar dama a kan matashi, ciwon gaɓa ya kumbura masa babban yatsa ya yi jawur. Tun Asabar bai sa but ba, tsohuwar nas ɗin ƙauyen kullum sai ta zo ta yi masa faɗa a kan ƙwan kifi da giya.

"Chuzai-san," ya ce wa Yanagiya da sunan da ake kiran ɗan sandan ƙauye, "in ka tabbatar na hau dutse da wannan ƙafar, ka kama ni, amma ka fara ba ni lambar yabo."

Ebina ya tambaye shi sau nawa yake maimaita kwanso, kamar hira ce kawai. Hosoda ya ce shi sau uku ya jefar, ba shi da lokacin lallaɓa tagulla.

"Ai shisho ɗinka, malaminka Tsoho Tsugawa, shi ya cika mana kunne da tsaga bakwai, tsaga bakwai. Shi kuwa yanzu ko ɗaya ba ya yarwa, wai tagulla ba ta mutuwa sai in mai ita ya raina ta. Bar shi ya yi ta goge su, abin da ya rage masa ke nan. Mutumin da ya gaida injin sayar da lemo ranar sabuwar shekara, har da rusunawa?"

Yanagiya ya yi dariya, ya kuma ce ba sai sun wahalar da dattijo ba, jiya da ya je karɓar bindiga da ƙyar tsohon ya sa makulli a ramin kabad. Duk Rubenai ba wanda ya kawo Tsugawa a ransa, don kowa ya ɗauka ya daina hawan dutse. Ebina ya ce zai leƙa shi, gaisuwa kawai.

*

Ebina na da shekara goma sha tara, icce ya danne ubansa a wurin sara, Tsugawa Genji ya ɗauke shi. Shi ya koya masa shara da tsintsiya, da bambance kashin beyar na jiya da na shekaranjiya, da ɗurin harsashi. Dokarsa ɗaya ce: duk ɗuri ka yi wa gefen gindin kwanso tsaga ɗaya da magagari, in ta kai bakwai ka murƙushe shi da filaya, ko da yana sheƙi. Abu ɗaya ne ya gagare shi. Ebina bahago ne, tsohon ya yi ta buge masa hannu don ya riƙe magagari da dama, har ya gaji ya ƙyale shi.

A watan goma da ya wuce tsohon ya kira shi. Shekararsa tamanin da biyu, hannunsa na rawa, ba ya iya auna albarushi ba tare da ya zubar ba. Ya turo masa gwangwanin kwanso ya ce ya ɗura masa ashirin. Doka ba ta da wasa a nan: wanda ya ɗura harsashi ya ba wani, izininsa ya tafi, kuma sai mutum ya shekara goma da ƙaramar bindiga kafin a sake ba shi ta barewa. Mai shekara hamsin da tara in ya rasa ta, ya rasa ke nan. Ebina ya ɗauki kwanso ɗaya ya bi gefensa da farce. Tsaga goma. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi mutumin da ya ciyar da shi shekara shida, ya rufe. Da ya danna kan harsashin farko sai ya shige kamar yatsa cikin man shanu. Ya ji, ya sani, ya ci gaba har ashirin, kuma saboda sabo ya bi kowanne ya yi masa tsaga ta goma sha ɗaya. Ya gaya wa kansa tsoho akwati kawai yake son ya ji da nauyi.

Da la'asar ɗin Laraba ya same shi ya yi aski, ya sa riga mai tsabta, turare na ci a gaban hoton marigayiyar matarsa. Tsohon ya zuba shayi, rabi a kofi rabi a tebur, ya turo masa tsamin kabeji. Ya yi zancen sanyi, ya ce rabonsa da fita tun Juma'a. Ebina ya ajiye kan harsashin kusa da farantin. Tsohon bai gan shi ba sai da ya ji ƙararsa a kan icce. Ya laluba ya ɗauka, ya juya shi a yatsu, bai buƙaci ido ba.

"Na ga fari ya motsa," ya ce daga baya. "Shekara sittin ina ganin wannan farin, Kosaku. Da na sauka ya riga ya tafi."

"Shisho, me ya hana ku kira?"

"Na ɗauki waya. Sai na tuna wanda ya ɗura." Ya ajiye ƙarfen. "In na tafi, kai ma ka tafi. Watan huɗu beyar zai fito daga rami da yunwa, wa zai tsaya masa? Hosoda da ƙafarsa? Baƙon nan babu harsashinsa a jikin gawa, za su riƙe shi su gaji su sake shi. Ya koma garinsu mai ɗumi."

Ebina ya ce Iwakiri ya yarda shi ya yi kisan, kuma zai faɗa. Tsohon ya kau da kai, muƙamuƙinsa na motsi. Ebina ya kasa gane nawa ne cikin wannan ɓoyewar don shi aka yi, nawa ne tsoron tsoho, kuma ya ji haushinsa da tausayinsa a lokaci guda har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya miƙa hannu ya ɗauki abinsa.

"Ka jefa shi a kogi," in ji tsohon.

A kan gada Ebina ya tsaya ya ciro shi. Kogin ya daskare daga wannan gaɓa zuwa waccan, ko tsagi babu. Ya daɗe yana kallon duwatsun da suka kewaye kwarin, sannan ya mayar da shi aljihu ya nufi ofishin Yanagiya, ya roƙe shi ya tara mutane da safe, ya kuma zo da akwatunan nan huɗu.

*

Zauren taro ya cika tun kafin murhun kananzir ya kama. Aka jera takalma a bakin ƙofa, aka zazzauna a kan tabarma. Fumie na gaba cikin baƙaƙen kaya, ba ta kallon kowa. Iwakiri da matarsa na can gefe, an bar musu fili mai faɗi kamar masu wata cuta. An ɗauko Hosoda a kan sileji, katakon da ake ja a kan ƙanƙara. Tsugawa ya zo da ƙafarsa, aka ba shi wuri kusa da wuta. Daga nesa, ta wajen dutse, ana jin gurnanin motar share hanya yana zuwa yana ɗaukewa.

Iwakiri ya miƙe zai yi magana, Ebina ya ce ya zauna tukuna. Ya ajiye kan harsashin a tebur, ya faɗi inda ya tsince shi da yadda ya ɓoye wa ɗan sanda. Fuskar Yanagiya ta sauya, amma bai katse shi ba. Ya yi musu bayanin riƙon wuya a taƙaice, don rabin zauren matan maharba ne da 'ya'yansu, sun girma suna jin zancen. Sannan ya ce a buɗe akwatuna.

Ya ɗauki ɗaya daga na Iwakiri, ya kafa tsininsa a kan tebur ya danna da ƙarfinsa. Bai motsa ba. Na Hosoda bai motsa ba. Nasa na kansa bai motsa ba. Ya ɗauki ɗaya daga akwati na huɗu, bai ko kai shi tebur ba, babban yatsa ya ɗora masa, kan ya nutse cikin kwanso. Wata tsohuwa a baya ta ja numfashi.

Hosoda ya yi gyaran murya ya ce wannan bai nuna komai ba, tsofaffin harsasai ne a akwatin tsoho. Ebina ya ce haka ne. Ya ce Yanagiya ya ciro kwansunan da babu komai cikinsu daga akwatin, ya dubi gindin kowanne. Maharbi mai ɗuri ba ya yar da kwanso a dutse, aljihu yake sa shi ya mayar akwati. A tsakiyar gindin akwai ɗan ƙyastun da allurar bindiga ke sara, duk wanda aka harba yana da lotsawa. Yanagiya ya juya na farko, da lotsawa. Na biyu, da lotsawa. Na uku sumul yake, ba a taɓa sarar sa ba, ga shi kuma babu kai babu albarushi.

Ebina ya karɓe shi, ya ɗauki kan harsashin da ya tsinto ya saka a wuyan, ya shige ba gardama. Ya kife shi. Kan ya faɗo, ya gangara a kan tebur ya tsaya a jikin butar shayi.

Tsugawa bai jira a tambaye shi ba. Ya ja gwiwa ya juyo wajen Fumie, ya dafa hannu biyu a tabarma, ya kai goshinsa ƙasa.

"Ni ne, Fumie-san. Ni na ɗura su da hannuna, ni na harba, ni na gudu. Ba hannun kowa a ciki."

Matar Iwakiri ta fashe da kuka, ita kaɗai. Yanagiya ya sunkuya yana rubutu. Ebina ya ga Hosoda ya dubi hannuwan tsohon da ke karkarwa a kan tabarma, ya ɗago ya dube shi, sannan ya mayar da idonsa kan ƙafarsa. Ba shi kaɗai ba, mutum biyar ko shida sun yi wannan kallon. Sun gane, kuma sun yanke ba za su gane ba, don suna da maruƙa a garke da jikoki masu tafiya makaranta ta bakin daji. Tsohon ya buɗe masa ƙofa, ƙauye ya riƙe masa ita, shiru kawai ake so ya yi. Shirun nan ya san shi, shi ya yi a watan goma.

"Chuzai-san," ya ce, "ƙirga tsagar da ke gefen gindin."

Yanagiya ya kai kwanson wajen taga. Ya ce goma sha ɗaya.

"Dubi ta ƙarshe."

"Ta karkata ta ɗaya gefen. Sauran goman duk hanya ɗaya suka kwanta."

Ebina ya ciro ɗan littafin izinin bindigarsa daga aljihun ƙirji ya ajiye a tebur da hannun da yake komai da shi. Ya ce duk ashirin ɗin haka suke, kowa a nan kuma ya san waye bahago a kwarin nan. Ya ce shisho bai iya auna albarushi ba tun bara, da shi bai ɗura ba, da bindigar nan ba ta da abin harbawa.

Sai a lokacin Fumie ta ɗago.

"Ebina-san, ka san ba ya gani?"

"Na sani."

"Me ya hana ka ce masa a'a?"

Ebina ya dube ta. Ya ce kunya.

"Kunya," ta maimaita, ba da faɗa ba, kamar mai auna nauyin kalmar. "Miyar na nan a tukunya. Na kasa zubarwa."

Sai ƙahon motar share hanya ya yi kuka sau uku daga bakin dutse. Mutane suka fara miƙewa. Ba wanda ya ba Iwakiri haƙuri, ba a saba ba, sai dai matar Hosoda ta ɗauki butar ruwan zafi daga kan murhu da tsumma ta fita ta nufi wajen mahauta. Iwakiri na zaune yana kallon tafin hannunsa. Da Ebina ya zo wucewa ya tsaya ya ce masa akwai ramin beyar a bayan madatsa, ƙarƙashin tushen da ya kife, kada ya je shi kaɗai, kuma tsintsiyar na jingine a ƙofar gidansa, ya je ya ɗauka.

A bakin ƙofa Tsugawa ya zauna a kan dakali yana fama da igiyar but, yatsunsa sun ƙi kama ta. Ebina ya durƙusa a gabansa ya karɓa. Ta gilashi ana hango fitilun motoci biyu suna biyo bayan motar share hanya.

"Wawa," in ji tsohon a hankali. "Shekara arba'in ina ce maka ka riƙe magagari da dama."

"Kun kuma ce bakwai, Shisho."

Ebina ya ja igiyar ya ƙulle, ya koma ɗaya ƙafar, sannan ya sa kafaɗa a ƙarƙashin hammatarsa ya ɗaga shi, suka fita tare su jira a bakin hanya.